Tarihin Kalmar "Pray" da Matsalar Fassara Ta Zuwa Hausa a Makarantun Kontagora

Daga cikin kalmomin Ingilishi da ke rikita ɗalibai a darasin fassara akwai aikatau "pray". Mafi yawansu sun san ta ne da ma'anar yin salla ko addu'a kawai, alhali kuwa ma'anarta ta asali ita ce roƙo, wato neman abu a wajen wani cikin ƙanƙan da kai, ko mutum ne shi ko Ubangiji.

Tushen kalmar shi ne "precari" na harshen Latin, mai nufin roƙo. Daga nan ta shiga tsohon Faransanci a matsayin "preier". Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, ta haka kalmar ta kutsa cikin Ingilishi a wajejen ƙarni na 13. Kafin zuwanta Turawan Ingila suna da tasu, wato "biddan", da kuma sunan da ke da dangantaka da ita, "gebed", mai nufin addu'a. Wannan suna bai ɓace ba. Da yake masu ibada suna ƙirga addu'o'insu da 'ya'yan carbi, sai sunan addu'ar ya koma kan ƙwayar da ake ja, ya zama "bead" da ake kiran dutsen ado da shi a yau. Malamin Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, domin haka "tasbaha" ta samo sunanta daga tasbihin da ake yi da ita.

Ma'anar roƙon mutum ta ja baya a maganar yau da kullum, amma ta ci gaba da rayuwa a harshen kotu da na hukuma, kuma da wannan sigar ta iso ƙasar Hausa. Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora a 1864, sojojin Birtaniya suka ci garin a 1901 a zamanin ɗansa Ibrahim. Daga lokacin, takardar koke da aka rubuta wa Razdan da Ingilishi ta bi tsarin da aka gada daga Ingila, inda mai koke yake "pray" ga hukuma. Har yanzu lauya a Nijeriya yana kiran abubuwan da yake nema daga alƙali "prayers", haka ma ɗan majalisa a ƙarshen ƙudurinsa. Mai fassarar da ya ce lauya ya gabatar da addu'o'i uku a gaban kotu ya ɓatar da mai sauraro, domin buƙatu uku ya gabatar.

Hausa ta rarraba abin da Ingilishi ya haɗa a kalma guda. "Salla" da "addu'a" aro ne daga Larabci, ta farko ibada ce mai ƙayyadajjen lokaci da siffa, ta biyu kuwa kiran Allah ne a kowane hali. "Roƙo" ita ce ta fi kusa da faɗin ma'anar "pray" ta dauri, tunda ana roƙon Allah, ana roƙon sarki, ana roƙon gafarar maƙwabci. Sai dai ita ma tana da nata nauyin, saboda daga gare ta aka sami "maroƙi" da sana'arsa, ga kuma "bara" ta almajiri a gefe guda, wadda ba ta shiga wannan fage ko kaɗan.

Lamarin ya fi tsanani a Kontagora, inda 'ya'yan Kambari da Dukawa da dama suke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, sannan su ɗora Ingilishi a kai. Jerin kalmomi mai ba da ma'ana ɗaya tak ba zai wadatar da irin wannan ɗalibi ba. A ganinmu, ya kamata manhajar fassara, musamman wadda ake horar da malamai da ita a Kontagora, ta kawo kalmar cikin matani uku daban-daban: na ibada, na kotu, da na takardar koke, a bar ɗalibi ya zaɓi kalmar Hausa da ta dace da kowanne, ya kuma faɗi dalilinsa.