Mayar da keke mai giya zuwa giya ɗaya

Mayar da keke mai giya zuwa giya ɗaya gyara ne da ake yi wa keken hawan tsauni, inda ake cire kayan sauya giya, a bar kaca tana juyawa a kan faranti ɗaya a gaba da ƙaramin faranti ɗaya a baya. Galibi ana yin sa idan na'urar sauya giya ta lalace kuma sabuwa ta yi tsada.

Dalili

A garuruwa irin su Kanya Babba, a ƙaramar hukumar Babura ta jihar Jigawa, yashi da ƙurar hunturu suna saurin cinye kaca da haƙoran giya. Yankin ba shi da manyan tuddai, don haka giya ɗaya tana wadatar da ɗalibi ko manomi.

Yadda ake yi

Mai gyaran keke yana cire wayoyin giya, ya rage tsawon kaca, ya daidaita faranta biyun su fuskanci juna. An fi amfani da haƙora 32 a gaba da 16 a baya, wato taya tana juyawa sau 2 a kowane zagayen feda. Haƙora 18 a baya sun fi sauƙin tuƙi cikin yashi ko da kaya.

Matsala

A yawancin waɗannan kekuna ba a iya jan tayar baya don ɗaure kaca. Idan kaca ta saki tana zamewa, abin da kan kayar da mahayi. Hanya mafi araha ita ce a bar tsohuwar na'urar sauya giya, a kulle ta wuri ɗaya ta riƙe kacar.