Daga Girgam zuwa Kwamfuta: Tsofaffin Rubuce-rubucen Daura da Masu Karanta Su



In an ce takarda ta halaka, abin da kan fara zo mana a rai shi ne gara, ko gobara, ko yoyon soro. Amma akwai wata halaka da ba ta barin toka, wato takarda tana nan lafiya lau, mai karanta ta ne babu. Ƙasar Daura ta san irin wannan.

Girgam, wato jerin sarakunan Daura, da haruffan Larabci aka adana shi. Haka alƙalai suke rubuta shari'unsu, haka fada take aika wasiƙu. Bayan Turawa sun mai da sarauta ga gidan Haɓe a 1906, a hannun Malam Musa, sai aikin mulki ya soma komawa boko, musamman da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909. Kafin a jima an sami magatakardan En'e da ke rubuta kuɗin haraji da jangali tsaf, amma ba duka ne ke iya warware rubutun magabatansu ba. Palmer ya buga fassarar Girgam da Turanci a 1928, yau kuwa ɗalibai da yawa ta wannan fassara suka san shi. To, wanda bai ga asalin ba, yaya zai gane inda mai fassara ya yi tuntuɓe da sunan wani sarki?

Wannan ciwo ne ya sake dawowa a zamanin kwamfuta, sai dai yanzu ya fi sauri. Manhajar Microsoft Access, wadda ofisoshi ke tara sunayen ma'aikata da albashi da rajistar filaye a cikinta, ta fito a 1992. A 2007 kamfanin ya sake tsarin fayil ɗinta daga mdb zuwa accdb. Da Access 2013 ta zo, sai ta ƙi buɗe fayil ɗin Access 97 sam. Shekara goma sha shida ke nan kacal, ko rabin sarautar Sarki Abdurrahman, wanda ya mulki Daura daga 1911 zuwa 1966, ba su kai ba.

Mu Hausawa muna da ƙarin damuwa. Kafin Access 2000, manhajar ba ta da gurbin ɓ, ɗ da ƙ, sai dai mai buga rubutu ya yi dabara da wasu haruffa na musamman, ko ya bar lanƙwasar. In aka juya irin wannan fayil ba a lura ba, "baƙi" ya zama "baki", Malam Baƙo ya zama wani mutum dabam, ranar biyan fansho kuwa a ce sunansa bai dace da takardunsa ba.

Hanyar juyawa sananniya ce. A kwafi tsohon fayil tukuna, a ajiye asalin ba a taɓa shi ba. A buɗe kwafin da manhaja ta tsakiya, kamar Access 2003, a juya shi, sa'an nan a kai shi ga sabuwa. Daga nan sai a ƙirga layukan, a gwada sunaye da kwanan wata da na kundin takarda. Wannan aiki na ƙarshe shi ne mai gajiyarwa, shi kuma aka fi tsallakewa. A ganina, ofishin da ke da irin waɗannan fayiloli a Daura, ko Zango, ko Mai'aduwa, bai kamata ya yi gwanjon tsohuwar kwamfutarsa ba sai an kammala wannan gwaji, mai kula da rajista ya sa hannu.