Tsohon Birnin Kano: Ganuwa, Ƙofofi da Wuraren Tarihi

Idan Bakano ya ce zai shiga cikin gari, tsohon birni yake nufi, wato yankin da ganuwa ta kewaye. A nan Dutsen Dala yake, da Kasuwar Kurmi, da Gidan Rumfa, da Gidan Makama. Fagge, Sabon Gari, Nassarawa da Bompai kuwa duk waje ne. Masu bi da dama sun shekara da shekaru a Sabon Gari ba su taɓa wuce Ƙofar Mata ba sai in asibiti ya kai su, alhali wasunsu sun je har Urushalima sun ɗauki hoto a gindin ganuwarta. Ganuwar da ake gani a Urushalima yau Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ne ya gina ta tsakanin 1537 da 1541. A lokacin, Muhammadu Rumfa, wanda ya faɗaɗa ta Kano, ya yi kusan shekara arba'in da rasuwa. A 2007 Nijeriya ta sa ganuwar Kano da wuraren da ke haɗe da ita cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya.

Dala

Daga Dala ya kamata baƙo ya fara, don daga bisansa ake gane shimfiɗar birnin. Masu binciken tarihi sun sami alamun narka tama a gindinsa tun wajen ƙarni na 7. Kundin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, ya ce a nan Barbushe yake, shugaban masu bautar Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda a 999. Addinin da Maguzawa suka riƙe dangin wannan ne, kuma Hausawa Kirista da yawa zuriyar Maguzawa ne, saboda haka labarin Dala ba na wasu ba ne can. Akwai matakala har sama. Da safe ya fi daɗin hawa, amma lokacin hunturu hazo kan rufe gari har Goron Dutse, ɗan'uwansa da ke yamma, ya yi wuyar gani.

Ganuwa da ƙofofi

Bisa ga Kundin, Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ginin ganuwa, wadda Kanawa suka fi kira badala. Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya ƙara a farkon ƙarni na 17. Ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da kududdufai, domin in abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya a sami abinci da ruwa. Hugh Clapperton, ɗan Birtaniya da ya zo a 1824, ya kimanta kewayenta mil 15, tsayinta ƙafa 30, ya kuma ƙirga ƙofofi 15. Lugard da ya gan ta a 1903 ya rubuta cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba.

Abin da mai ziyara ya kamata ya riƙe shi ne ginin ƙasa ne. Dutse in an ajiye shi sai ya zauna, ƙasa kuwa kowace damina sai ta ci rabonta. Abin da ya tsai da badala ɗaruruwan shekaru shi ne aikin gayya: in ruwa ya ɗauke sai a tara jama'a a yi yaɓe. Da Turawa suka ci garin, yaƙi tsakanin garuruwa ya ƙare, gayyar ma ta mutu. Daga nan sai masu ɗibar ƙasar gini, da masu zubar da shara, da masu yanka filaye suka gama abin da ruwa ya fara. Yau a wurare da yawa abin da ya rage tudu ne kawai da awaki ke hawa, wani wurin ma shaguna ne a kai. Inda aka fi ganin sauranta shi ne gefen titin Jami'ar Bayero, daga wajen Ɗan'agundi zuwa Kabuga.

Ƙofofin sun fi ganuwar tsawon rai, ko da dai a suna ne. Akwai Nassarawa, Ɗan'agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Dukawuya, Kabuga, Kansakali, Waika, Dawanau, Ƙofar Ruwa, Mazugal, Wambai da Ƙofar Mata. Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo a zamanin Turawa aka buɗe su. A da kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, ana kuma rufe ta da dare. Wanda ya taɓa karanta jerin ƙofofin Urushalima a sura ta 3 ta Nehemiya zai gane abin da ƙofa take nufi ga birni irin wannan: nan ake tantance mai shiga, nan ake karɓar kuɗin fito, nan ne kuma abokan gaba ke fara bugawa. Ta Kabuga sojojin Kanar Morland suka kutsa ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Aliyu Babba yana can wajen Sakkwato. Sai dai kada manyan ƙofofin siminti masu hanya biyu su ruɗi baƙo. Yawancinsu sababbi ne da aka gina don motoci. Tsohuwar Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 wajen faɗaɗa titi, aka gina wata a madadinta. Ƙofa ta asali ƙarama ce, mai duhu kamar zaure, da rufin azara, daidai wucewar raƙumi da kayansa.

Gidan Makama da fada

Gidan Makama an gina wa Rumfa ne tun yana riƙe da sarautar Makama. Turawa sun yi ofis a ciki bayan 1903, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da lifidi, da hotunan Kano na farkon ƙarni na 20. Ginin kansa ya fi kayan da ke ciki: tubali, azarar giginya, bakan gizo da ke riƙe rufin soro ba tare da ginshiƙi ba, da zankwaye a bisa. Ko da rana ta take, cikin sorayen da sanyi.

Kusa da shi Gidan Rumfa yake, fadar sarakunan Kano tun ƙarni na 15, Haɓe da Fulani duka. Gida ne da iyali ke zaune ciki, ba a shiga sai da izini. Abin da baƙo zai gani shi ne Ƙofar Kudu da filin gabanta. Babban Masallacin Juma'a da ke jikin fadar an sake gina shi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe a 1951. Wanda ba Musulmi ba daga waje yake kallonsa.

Kurmi da marina

Rumfa ne ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara, ita ce kuma ta sa sunan Kano ya kai Tarabulus da Gwanja. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, ya yi mamakin yadda tufar da aka saƙa aka rina a Kano ke kaiwa har Timbuktu. A wannan kasuwa kuma aka sayar da bayi, da yawansu daga ƙasashen kudancin masarautar da aka kai wa hari. Wasu daga cikin masu karanta wannan, kakanninsu ta nan suka bi. Yau lungunanta cike suke da kayan fata, linzami da sirdi, turare, tasoshin tagulla da littattafai. Marinar Ƙofar Mata, wadda allon bakinta ya ce tun 1498 take, har yanzu da baba da toka ake rini a cikinta, amma rijiyoyin da ke aiki kaɗan ne cikin masu yawa, tun da yadin kanti mai araha ya cinye kasuwar.

Sawun bishara

Babu tsohuwar majami'a a cikin ganuwa, amma birnin yana cikin tarihin ikilisiyar Arewa. Charles Robinson ya zauna a nan wata uku daga Disamba 1894 yana koyon Hausa, abin da ya taimaka masa wajen ƙamus ɗinsa. A Afrilu 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller da abokansu na mishan ɗin CMS suka iso fada, Sarki Aliyu ya ba su 'yan kwanaki su bar garin. Suka koma Girku, inda Dudley Ryder ya rasu. Miller ya zauna Zariya daga 1905, aikin fassararsa kuma shi ne ƙashin bayan Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932. A Zariya ne, a 1913, zuriyar Isawa suka same shi da labarin Malam Ibrahim, malamin Kano da ya ɗaukaka Annabi Isa a koyarwarsa har aka kashe shi a kasuwa wajen shekarun 1860, almajiransa suka watsu zuwa Ningi da ƙasar Zazzau. Isawa ba Kirista ba ne a lokacin, daga baya ne wasu jikokinsu suka karɓi baftisma. A waje da ganuwa, a Nassarawa, akwai Gidan Ɗan Hausa, gidan Hanns Vischer, wanda ya fara zuwa Arewa a matsayin ɗan mishan kafin ya shiga aikin gwamnati ya buɗe makarantar boko a 1909.

Ladabin shiga

Cikin gari ba kango ba ne, unguwannin mutane ne, kusan dukansu Musulmi, kuma ana aiki da shari'ar Musulunci a jihar tun 2000. Maza su sa tufa ta kamala, mata su sa doguwa su yafa gyale. A yi sallama kafin tambaya, a nemi izini kafin ɗaukar hoton mutum, musamman mata. Ranar Juma'a daga hantsi zuwa bayan Azahar hanyoyin wajen masallaci da fada kan cushe. In ƙungiyar matasa ko zumuntar mata ce za ta je, a fara zuwa Gidan Makama a nemi ɗan jagora, kada a hau Dala ko a bi lungun Kurmi ba tare da ɗan gari ba. Ziyarar koyo ce, ba wurin raba takardun wa'azi ko rera waƙa a fili ba. Abin da baƙi suka tayar da rana, masu bi mazauna Kano ne ke kwana da shi. Adaidaita Sahu ya fi mota sauƙi a ƙananan tituna. Mai son ganin hawan Sallah, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a Disamba 2024, ya fara tambaya ko za a yi hawan a wannan shekarar, don an sha dakatar da shi saboda tsaro.