Kamammen Yaƙi da Zargin Cin Amana: Batun Chari Maigumeri

Wani ra'ayi ya fara samun gindin zama a nazarin sojan mulkin mallaka, wai Chari Maigumeri ɗan haya ne kawai, duk wanda ya ba shi kaki shi ne ubangidansa, saboda haka lambobinsa ba shaidar jarumtaka ba ne. A ganina an yi gaggawar yanke wannan hukunci.

Tarihin ba ɓoyayye ba ne. Ya yi wa Jamus soja a Kamaru, aka ruwaito ya samu lambar Iron Cross a faɗan Garwa. Garin ya faɗa hannun Turawan Ingila da Faransawa a Yunin 1915, aka kama shi. A 1917 ya sa kakin Turawan Ingila da suka kama shi, ya bi su Gabashin Afirka, daga baya Habasha da Bama, ya bar aiki a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin Lakwaja na ɗauke da sunansa.

Masu zargin sun ce jarumi kan mutu a gindin tutarsa. To, tutar wa? Wanda ya san ƙasar Madarunfa, wadda dakarun Maraɗi irin na Ɗan Baskore suka riƙa ratsawa zuwa Katsina a ƙarni na 19 (Usman 1981), ya san kamun yaƙi bai cika zama ƙarshen mayaƙi ba. Wani a fanshe shi, wani a sayar, wani kuwa sarki ya ga ƙarfin damtsensa ya miƙa masa doki da mashi, ya shiga sahun bayin sarki. Turawa sun tarar da wannan tsari suka ɗora a kai: tsofaffin bayi ne suka cika rundunar Glover a Ikko, haka ma rundunar Faransa ta farko a Senegal (Echenberg 1991).

Za su ce ai bawan sarki ba shi da zaɓi, Maigumeri kuwa da ƙafarsa ya je. Wannan suka tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai zaɓin saurayin da aka ƙwace wa bindiga, rundunarsa ta watse, ƙasar da ya yi wa aiki ta fita daga hannun Jamus a 1916, da wuya a kira shi zaɓin ɗa mai cikakken 'yanci. Wace amana ta rage da zai ci?

Dole in taƙaita iƙirarina a nan, domin labarin nasa ta alƙalamin hafsoshin Ingila ya iso mana, kuma hafsa abin da ya gani a fagen daga yake rubutawa, ba abin da ke zuciyar soja ba. Abin da takardun ke iya ɗauka shi ne wannan: mutanen da ya harba a Garwa, suna sane da hakan, su ne suka naɗa shi samanja na bataliya.