Ba Ma'aikata Damar Saka Manhaja Ba Tare da Cikakken Iko Ba

Gabatarwa

A Sakatariyar Ƙaramar Hukumar Zariya da ke Fada, da makarantu da asibitocin cikin birni, ayyuka da dama sun koma kan kwamfuta, kamar lissafin albashi, rajistar haraji da buga takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. Idan kwamfuta ɗaya ta lalace, mutumin da ya taso daga Dambo ko Dutsen Abba ko Wuciciri shi ne zai koma gida hannu rabbana. Wannan ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a kan yadda za a bar ma'aikaci ya saka manhajar da aikinsa ke buƙata, ba tare da an damƙa masa ragamar kwamfutar baki ɗaya ba.

Asusu iri biyu

A tsarin Windows akwai asusun mai kula, wanda aka fi sani da admin, da kuma asusun ma'aikaci na yau da kullum. Mai kula yana iya sakawa ko goge kowace manhaja, ya kashe riga-kafin bairos, ya buɗe fayilolin kowa. Haɗarin shi ne, duk manhajar da aka buɗe da izininsa tana samun irin wannan iko, har da mugun shirin da ya shigo ta filash. Tun a 1975 masanan Amurka biyu, Saltzer da Schroeder, suka bayyana ƙa'idar cewa kada a ba kowa ikon da ya wuce buƙatar aikinsa. Mutanen Zazzau ba baƙin wannan hikima ba ne: ganuwa ba ta hana shiga gari ba, sai dai ta sa kowa ya bi ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana, inda ake ganin mai shiga.

Hanyoyi uku

Ta farko, a ofishin da kwamfutocinsa ke haɗe da juna, jami'in kwamfuta zai tantance manhajoji ya jera su ta hanyar Group Policy ko Company Portal na kamfanin Microsoft. Ma'aikaci zai zaɓi wadda yake so daga jerin, tsarin ya saka masa, ba tare da ya san kalmar sirrin mai kula ba.

Ta biyu, wasu manhajoji irin su Zoom da Google Chrome suna iya zama a cikin jakar ma'aikaci kaɗai, ba su taɓa tushen kwamfutar ba. Sai dai mugayen shirye-shirye ma suna bin wannan kafa, don haka a taƙaita ta da AppLocker, wanda ya zo tare da Windows 7 a 2009.

Ta uku ita ce ta ƙananan ofisoshi masu kwamfuta biyu ko uku. Tun daga Windows Vista a 2007, idan ma'aikaci ya fara saka manhaja, kwamfuta tana tsayawa ta nemi kalmar sirrin mai kula. Jami'in zai zo ya duba, ya shigar da ita da hannunsa. Kowace kwamfuta ta kasance da tata kalmar sirrin daban.

Abin lura

A zamanin Windows XP akan sanya ma'aikata cikin rukunin Power Users a matsayin tsaka-tsaki. An cire wa rukunin wannan iko tun daga Vista, domin yana da sauƙi a tsallaka daga cikinsa zuwa cikakken iko. Haka kuma Microsoft ya daina tallafa wa XP a 2014, Windows 7 a 2020, sannan Windows 10 a Oktoban 2025, saboda haka rage iko kaɗai ba zai kare tsohuwar kwamfuta ba.

Shawarwarinmu

Muna kira ga shugabannin sassa da su naɗa jami'i ɗaya da mataimakinsa, don kada aiki ya tsaya idan ɗaya ya tafi hutu. A buɗe littafi na rubuta sunan manhaja, wanda ya nema da ranar da aka saka. A riƙa amsa buƙata cikin hanzari, domin jinkiri ne ke sa ma'aikaci ya nemi mai gyara daga waje. Mu tuna cewa Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa kowace hukuma alhakin tsare bayanan jama'a da ke hannunta. Amana ce, kuma riga-kafi ya fi magani.