Akta, Bos da Kaboyi: Tsohuwar Soyayyarmu da Finafinan Holiwud

Ƴan uwa ɗalibai, akwai kalmomi uku da ba sai an koya wa yaro ba a Gagamari ko cikin garin Difa: akta, bos da kaboyi. Ko Kanuri ake yi a gidansu, ko Fulatanci, ko Hausa, in yara suka taru wasan bindigar kara, za ka ji ana gardamar wa zai zama akta, wa zai zama bos. A karatunmu na kimiyyar harshe an koya mana cewa kalmar aro ba ta zuwa ita kaɗai, akwai kayan da take rakowa. Waɗannan ukun kuwa fim suka rako. Shi ya sa in wani ya gan ni ina kallon tsohon fim ɗin Amurka mai baƙi da fari a waya, ya ce wai kwaikwayon Turawa nake, nakan ce masa ai ya makara. Kakanninmu sun riga ni, kuma daga wannan kallon ne sinimar Nijar ta samo tushe.

Mu fara da Kano, tunda mu mutanen bakin Komadugu yawancin kayanmu ta Najeriya suke shigowa. Turawan Ingila sun riƙa yawo da mota gari-gari suna haska hotunan tsafta da noma a bango. Sunan fitilar da aka fara wannan aiki da ita, majik lantan, shi bakin Bahaushe ya murɗe ya koma majigi. Sinimar biyan kuɗi kuma ta zo daga baya: an buɗe Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa. Wasu suka sa wa abin suna dodon bango, kun ji tsoro ke nan a cikin suna. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya, mutum sama da 300 suka rasu, jama'a da dama suka ce ishara ce. Duk da haka ba a daina zuwa kallo ba.

A ɓangarenmu na mulkin Faransa, kamfanoni biyu, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da gidajen sinima da rarraba finafinai. Fim ɗin Amurka sai an juya shi zuwa Faransanci kafin ya iso mana. Samarin Nijar da ke tafiya ci-rani bakin teku, Akara da Abijan, su suka fi kowa cika waɗannan gidaje.

To a nan ne labarin ya yi daɗi. A 1958 Bafaranshen nan Jean Rouch ya fitar da fim mai suna Moi, un noir, wato "Ni, baƙar fata", a kan ƴan ci-ranin Nijar da ke unguwar Treichville a Abijan. Kowannensu da sunan da ya ara daga majigi yake tafe. Akwai Tarzan, akwai Eddie Constantine, akwai budurwa Dorothy Lamour. Jigon labarin kuwa ya kira kansa Edward G. Robinson, sunan ɗan wasan Amurka da ya yi suna da fitowa a matsayin shugaban ƴan ta'adda tun fim ɗin Little Caesar na 1931. Wa ke ɗauke da wannan suna? Oumarou Ganda, haifaffen Yamai a 1935, wanda ya yi wa Faransa aikin soja a yaƙin Indoshin, ya dawo yana aikin lebura a tashar jiragen ruwa. Ku duba fa, mutumin da ba shi da kuɗin abincin dare ya zaɓi sunan wanda gari ke tsoro. Ni a ganina ba ruɗu ba ne. Riga ce ya ara don ya faɗi abin da ba a barin lebura ya faɗa, kamar yadda mai kirari ke kiran kansa zaki alhali ya san shi mutum ne.

Wannan Robinson ɗin shi ya dawo gida ya riƙe kyamara da kansa. Ya yi Cabascabo, labarin tsohon soja da kuɗinsa suka ƙare abokai suka watse, aka nuna shi a bikin Cannes a 1969. A 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, shi ne na farko da ya taɓa cin ta. Ya rasu a 1981, kuma cibiyar al'adu da ke Yamai sunansa take ɗauke da shi.

Moustapha Alassane ma ya taɓo wannan ciwon, amma cikin raha. A fim ɗinsa na 1966, Le Retour d'un aventurier, wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sa malafa, suka hau dawakai, suka canza sunaye, suka addabi ƙauyensu har wasa ya koma jini. Wato tun shekara shida bayan samun ƴancin kai, ɗan Nijar ya riga ya yi tambayar da ake yi mana yau: ina iyakar aro? Zalika Souley, wadda ta fito a wannan fim, ta biya farashi mai tsada, don mutane sun kasa raba ta da matan da take fitowa a matsayinsu. Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta mai suna Al'lèèssi.

Yanzu me ke cikin waɗannan tsofaffin finafinai da har yau suke riƙe mutum? Ni iri biyu na fi so: na soyayya da na satar wayo. Dukansu kuma wata doka ce ta gyara musu zama. Daga 1934 zuwa 1968 kamfanonin Holiwud sun yi aiki ƙarƙashin ƙa'idojin tace fim da ake kira da sunan Hays. An hana nuna tsiraici, an taƙaita sumba, an ce kada mai laifi ya ci riba. Da aka rufe wa marubuta wannan ƙofa, sai suka zuba komai cikin magana: gatse, habaici, shaguɓe, kallo ta wutsiyar ido. Duk wanda ya san yadda ake zance a ƙofar gida, ƙannen yarinya na leƙe, ya san wannan fasaha.

Ku ɗauki Roman Holiday na 1953. Audrey Hepburn gimbiya ce da ta sulale daga fada ta yini a birnin Roma tare da ɗan jarida, Gregory Peck. A ƙarshe ta koma bakin aikinta, suka yi ban kwana a gaban taron ƴan jarida, kowace kalma da ma'ana biyu, ɗaya ta jama'a, ɗaya tasu su biyu. In ba zaurance ba, mene ne wannan?

Na satar wayo kuwa tatsuniyar Gizo ce aka sa wa kwat. A Ocean's 11 na 1960, Frank Sinatra da abokansa tsofaffin sojoji sun yashe gidajen caca biyar a Las Vegas cikin dare ɗaya. Suka ɓoye kuɗin a akwatin gawar abokinsu, sai aka ƙone gawar da akwatin gaba ɗaya suna zaune suna kallon juna. Wayo ya ci, wayo ya cinye mai shi. Kakata da ba ta taɓa shiga sinima ba ta san wannan ƙarshen.

Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne Casablanca na 1942. Kowa na cewa fim ɗin soyayyar Humphrey Bogart da Ingrid Bergman ne, haka ne kuwa. Sai dai ku kalli mutanen da ke zaune a teburan baya: ƴan gudun hijira ne da yaƙi ya koro daga Turai, suna sayar da zobe da sarƙa, suna jiran takardar wucewa. Da yawa cikin ƴan wasan ma da gaske gudun Hitila suka yi. Mu da muka ga yadda mutanen Damasak suka tsallako kogi zuwa Gagamari a watan Nuwamban 2014, muka kuma zauna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun Fabrairun 2015, babu babur, babu hirar dare, ba ma bukatar a fassara mana fuskar mai jira. Ba ina wanke fim ɗin ba ne fa. Labarin a Maroko aka ce ya faru, amma da ƙyar za ka ga ɗan Maroko ya buɗe baki. Ana iya son abu ana kuma ganin aibinsa, Alassane ya nuna mana yadda ake yi.

Ga inda gizo ke saƙar. Finafinan Indiya sun samu masu juya su zuwa Hausa, irin su Algaita a Kano, har tsohuwa a ƙauye na bin labarin. Na Kano kuma tun Turmin Danya na 1990 da harshenmu suke magana. Su kuwa waɗannan tsofaffin, da duk daɗinsu a baki yake, sun zama kurame a wayoyinmu. Mafi ciwo, na Ganda da Alassane ma haka suke: tsakanin Difa da Yamai akwai fiye da kilomita 1,300, kuma cikin abokaina kaɗan ne suka taɓa ganin ko ɗaya.

Shawarata ga wannan ƙungiya tamu ita ce mu ɗauki fim biyu, Casablanca da Cabascabo, mu raba su kashi-kashi, mu rubuta fassararsu da Hausa da Kanuri. Za mu yi gardama, tabbas. Yaya za a ce da gatsen Bogart ba tare da ya koma zagi ba? Wace kalma Bamange zai zaɓa inda Bahaushe ya yi habaici? Wannan gardamar ita ce ainihin karatun harshe, kuma ba ta cin ko dala sai cajin waya da takarda. Mai sha'awa ya rubuta sunansa wajen sakataren ƙungiya kafin hutu.