Zanen mutum-mutumi a kwamfuta: Yadda ake koyar da shi, da abin da ɗaliban Rano da Kibiya ke buƙata

Kafin mutum-mutumin gasa ya taka fili, a allon kwamfuta ake fara haɗa shi. Ɗalibi kan zana kowane sashe da awonsa, tun daga taya da gangar jiki har zuwa noti, sannan ya harhaɗa su a cikin manhajar zane da injiniyoyi ke kira CAD.

Malami yakan fara da shimfiɗaɗɗen zane, ya koya wa ɗalibi ba shi kauri ya zama sashe. Daga nan sai haɗi, inda ake fayyace wa manhajar abin da zai juya da abin da zai kafe. A nan ake gane ko hannun na'urar zai bugi batir, tun ba a yanka ƙarfe ba. A nan kuma lissafin aji ke samun amfani: giya mai haƙora 12 idan ta ja mai 60, gudu zai koma kashi ɗaya cikin biyar, ƙarfin juyawa kuma ya ninka kusan sau biyar.

Dokar gasa ce ke tilasta wannan tsantseni. A gasar FIRST Tech Challenge, tilas mutum-mutumi ya fara wasa bai wuce inci 18 ba a tsawo da faɗi da tsayi. Gasar FIRST Global kuwa, wadda aka fara a birnin Washington na Amurka a 2017, tana haɗa matasan ƙasashen duniya, har da na Najeriya.

Zaɓen manhaja ya danganta da halin makaranta. Onshape kyauta ce ga ɗalibai, amma ba ta aiki sai da intanet. FreeCAD ma kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta ba ta buƙatar data. Inda sabis ke rawa, ta biyun ta fi dacewa.

Kudancin Kano na da harsashi. A Rano akwai Makarantar Fasahar Karkara da Bunƙasa Sana'o'i ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, a Wudil kuma akwai Jami'ar Aliko Dangote. Cibiyar ƙasa ta ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi kuwa, wadda ke ƙarƙashin NITDA, a Abuja aka buɗe ta a 2020.

Koyar da wannan fanni na buƙatar abu uku: kwamfuta, tsayayyar wuta, da malamin da ya iya manhajar. Duk ukun magana ce ta kasafin kuɗi. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, don haka matasan mazaɓar Rano/Bunkure/Kibiya na da hurumin tambayar wakilansu: makarantun sakandare nawa ne a yankin ke da ɗakin kwamfuta mai aiki, kuma malamai nawa aka horar?